Tera Goma Sha Shida a Kuɗin Kwanon Taliya

A kasuwarmu ta kayan waya a Shenzhen, abu uku ba sa haɗuwa a faifan ajiya guda: girma, sauri, araha. Biyu za ka samu, shi ma in ka yi sa'a. Na faɗa har bakina ya gaji, amma wa ke jin mai gyara kafin abu ya lalace?

Ana gab da ranar share kaburbura wani tsoho, Kawu Pang, ya tsaya gaban teburina, ya zaro faifai daga ledar lemo.

"'Yata, an ce ke ce mai tayar da matattu."

"Matattun faya-fayai, Kawu. Sauran ba hurumina ba ne."

Bai yi dariya ba. Ya ce matarsa Guizhi ta rasu bara. Mawaƙiya ce, irin waƙoƙin kan tsauni na ƙauyensu, kuma tun da ciwo ya kama maƙogwaronta yake ɗaukar muryarta a waya. Da wayar ta cika sai ya ga wani yana tallan faifai a bidiyo, mai girman tera goma sha shida a kuɗin kwanon taliya. Ya saya, ya kwashe komai ya zuba, ya goge wayar tas ya ba jikarsa. So yake ya kunna mata waƙarta a bakin kabari, sai ga sunayen waƙoƙin reras amma ko ɗaya ta ƙi buɗuwa.

"Kawu, da kana zubawa ya yi sauri?"

"Ina fa. Kwana da kwanaki. Mai tallan ya ce babban faifai haka yake, kamar motar da ta sha kaya."

Na kwance murfin a gabansa. Ɗan memori ne kamar farce, an manna shi da gam, da ƙarafa biyu don a ji nauyi a hannu. Araha ba ta ado, amma wannan mugunta ce tsagwaronta, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Na yi masa bayani a hankali. An koya wa memorin ƙarya ne, yana cewa shi babba ne. In ya cika sai ya koma farko yana rubutu a kan na baya, kamar allon aji, a cika a goge. Sunaye kawai yake bari. Abin da aka zuba daga ƙarshe ne kaɗai ke tsira.

"To duba na ƙarshen," in ji shi.

Guda ɗaya ta buɗe. Babu waƙa. Ƙarar na'urar asibiti ce, da numfashi mai nauyi, sai wata dusasshiyar murya: "Pang, kashe abin nan. Ka goge. Kada a tuna ni a haka, ga waƙoƙina can."

Shi ke nan. Kasuwa na ta hayaniyarta, ana jan amalanke ana ciniki. Tsohon ya dafa teburina. Na ji kunya ta kama ni kamar ni na sayar masa.

Ya ce, "Wayar fa? Ba za a iya..."

"Jikar taka ta cika ta da nata hotunan, ko?"

Ya gyaɗa kai.

Na ce, "In goge, Kawu?"

Ya daɗe yana kallon faya-fayan da ke jere a gilashina.

"Wanne ne mafi ƙanƙanta, na gaskiya? Ko nawa ne. Zai ishi muryar nan."

"Ta ce a goge fa."

"Na ji ta," in ji shi. "Tun da na aure ta ban taɓa saɓa mata ba sai yau. Zuba min."