Kunun da Nandawula Ba Ta Taɓa Sha Ba

Duk wanda ya zauna a Masaka ya san watan Nuwamba ba watan hankali ba ne. Da ruwa ya sauka, nsenene ta biyo shi, wato farar nan koriya mai maiƙo, sai gari ya rikice. Malami ya ajiye alli, tela ya rufe keke, kowa ya kafa kwanon rufi da ganguna da fitilu yana tarar rabonsa. Ko ta ina ka bi ƙamshin suya ne. A irin wannan wata Nandawula ta zauna cike takardun neman digiri na biyu a fannin abinci mai gina jiki da tsara cimar marasa lafiya, a wata jami'a da ke Kampala.

Shekararta shida a ƙaramin asibitin unguwa tana rataya jarirai a sikeli, tana koya wa iyayensu haɗa abinci. Abin da ya daɗe yana ci mata tuwo a ƙwarya shi ne, matan nan su wuni suna fige fuka-fukan fara ana lodawa zuwa Kampala, 'ya'yansu kuwa na gefe suna shan tsurar kunun masara, wuyansu kamar mariƙin lema. Ran nan ta sayi kwano guda, ta soya, ta shanya, ta niƙa, ta riƙa ba iyaye su zuba cokali biyu a kunun yara. Yara ashirin da uku suka ciko, katinsu na awo ya shaida. A kan wannan ta rubuta shafi huɗu na binciken da jami'a ke nema, ban da takardar sakamako da hoto biyu da wasiƙun shaida. Gurbi goma sha biyu ne kacal, kuma bana kaɗai asibiti ya yarda ya sake ta. Baɗi layin wata ne.

Sai dai akwai wani hanzari ba gudu ba. Fara ita ce kan gidansu. Dangin Nsenene ba sa cin nsenene, kamar yadda kowane dangi a Buganda ke da abin da ba ya kaiwa baki, kuma sunanta kaɗai ya ishi mutum ya san daga inda ta fito. Don haka kunun da take yabo a shafi huɗu, ita ko a kan yatsa ba ta taɓa lasar sa ba.

Mai ɗanɗana mata shi ne mijinta Mukiibi, mai haɗa wutar lantarki, wanda danginsu ba ruwansu da fara. Shi kam abin nema ya samu.

"Yaya gishirin?" in ta tambaye shi.

"Ban gane ba tukuna. Ƙaro kofi."

"Wannan ne na uku fa."

"To ilimi ai ba a yi masa gaggawa, Maama. So kike ki kai wa farfesoshi sakamakon ƙarya?"

Wata biyu da fara binciken, maɓallin wandonsa ya yi murabus.

Wanda take tsoro mahaifinta ne, Mzee Kalibbala, tsohon shugaban makarantar firamare, dattijon da ake kira duk lokacin da dangi za su zauna. Tun tana aji uku ba ta taɓa rubuta takardar da ba ta bi ta ƙarƙashin jan bironsa ba. Har katin gayyatar aurenta sai da ya samu waƙafi biyu da suka zauna inda bai dace ba. Wannan karon ta ƙudura ba zai gani ba.

Ranar Lahadi bayan coci suka je cin abinci gidansa. Ta durƙusa ta gaishe shi, aka kawo ayaba dafaffiya da miyar gyaɗa.

"Na ji za ki koma makaranta," in ji Mzee. "Ina takardar?"

"Taata, ai na duba ta sosai, babu kuskure."

"Babu kuskure? Ke da kika aiko mini wasiƙa daga makarantar kwana da kuskure goma sha ɗaya?" Sai ya juya ga surukinsa, ya dube shi ta saman tabarau. "Muko, ka yi ƙiba. Lantarkin ne yake biya haka?"

"Ina fa, Ssebo, ranka ya daɗe! Binciken 'yarka ne. Kullum sai na sha kofi uku na kunun fa..."

Ya tsaya da loma a hannu. Nandawula ta watsa masa kallon da ya sa ayabar ta maƙale masa. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Takardar na cikin jakarta, Mzee ya miƙo hannu, ita kuwa ba ta taɓa koyon hana shi ba.

Ya karanta shafi huɗun nan tsaf, abincinsa na hucewa.

"Nandawula," ya ce a hankali, "kakanninki kika niƙa kika zuba a kunu?"

"Taata, ban taɓa kaiwa baki ba, Allah ya sani."

"Har da cokali biyu. Cokalin shayi ma! Ko a wajen awo ba ki girmama su ba."

Mukiibi ya yi tari don ya danne dariya. Mzee ya ninke takardar ya sa a aljihun kwat, ya ce a ci abinci. Ba a sake tayar da zancen ba, kuma shirun ya fi faɗa ciwo.

Kwana biyu tana tufka da warwara. Ta yi tunanin canza binciken ya koma kan wake, to amma ba ta da katin yaro ko ɗaya a kan wake, ga shi ranar Juma'a za a rufe karɓar takardu, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Ranar Laraba da safe sai ga Mzee da kansa a asibiti, yana ratsa layin mata masu goyo. Ya tsaya ya daɗe yana kallon wata yarinya mai kumatu da ke lilo a sikeli, sannan ya ajiye mata takardar a tebur. Ta yi ja jawur, gyara goma sha huɗu. A ƙasan shafin ƙarshe ya rubuta: "Hannu ya taɓa, na kau da kai saboda yaran. Ranar da harshe ya taɓa, kada ki sake durƙusa mini."

Ta gyara, ta aika. Bayan mako uku aka kira ta ganawa.

Shawarar tafiya da kunun ta Mukiibi ce. "Farfesoshi ma ciki gare su," in ji shi. "Takarda kowa zai kawo. Ke kai musu abin da za su tuna da ke." Ta dama da sassafe ta cika fulas. Mzee ya ce shi ma za shi, don bai yarda da mutanen Kampala ba. A tasha ya zauna gaba kusa da direba, ya sa aka kora Mukiibi da fulas ɗin can kujerar ƙarshe, ya ce kada abin nan ya matso kusa da shi ko da taku uku.

A jami'a mazan biyu suka zauna a benci ƙarƙashin wata bishiya, Mzee a wannan ƙarshe, surukinsa a wancan. Nandawula ta karɓi fulas ta shiga.

Mutum biyu ne ke yi mata tambayoyi. Akwai Dakta Atim, doguwar mace 'yar arewacin ƙasar, wadda fuskarta ba ta san wasa ba. Sai wani tsoho mai furfura, Farfesa Mubiru, wanda ya dubi sunanta a saman takarda, ya dubi kan binciken, ya sake duban sunan, sannan ya gyara zama kamar wanda aka kawo wa kallo kyauta. 

Tambayoyin farko sun tafi lafiya. Ta faɗi yadda take shanyawa don kada garin ya yi fumfuna, ta nuna katunan yaran, ta amsa batun yaran da jikinsu ba ya karɓar fara. Da ta ga Dakta Atim na gyaɗa kai sai ƙarfin hali ya zo mata, ta buɗe fulas ta zuba musu a kofuna. Tsohon ya shanye nasa ya lashe leɓe. Dakta Atim ta kurɓa, ta ɗaga gira.

"Ba laifi. Amma ba kya jin ɗan ɗaci daga ƙarshe?"

"An ce babu, Nnyabo, ranki ya daɗe."

"An ce? Wa ya ce?"



"Ina da doka ɗaya," in ji Dakta Atim, "duk ɗalibaina sun san ta. Ba ka ba ɗan wani abin da kai ba ka kai bakinka ba." Ta zuba a kofi na uku ta turo mata. "Kurɓi ki gaya mini."

Nandawula ta ɗauki kofin. Ƙofa a rufe take, tagar kuma ba ta kallon bishiyar. Kurɓa ɗaya ce, ba wanda zai kai labari Masaka. Ƙamshin da ta shekara tana shaƙa ya daki hancinta, kuma gaskiya ta daɗe tana son sanin me Mukiibi ke lumshe ido a kai. Ta tuna gurbi goma sha biyu, ta tuna baɗi layin wata ne. Tsoro ya kama ta sosai, don tana son karatun nan kamar ranta. Sai kuma ta ga jan rubutun nan a idonta, da tsohon da ya tsaya yana kallon yarinya a sikeli. Ta san in ta sha, ko bai ji ba, gwiwarta ba za ta sake taɓa ƙasa a gabansa yadda ta saba ba.

Ta ajiye kofin.

"Ki gafarce ni, Nnyabo, ba zan iya ba. Kan gidanmu ne."

"To wa ke ɗanɗana miki?"

"Mijina. Ya ƙara kilo bakwai. Yana shafi na huɗu, na rubuta."

Farfesa Mubiru ya tuntsire da dariya har yana buga tebur. Dakta Atim ko murmushi.

"In uwa ta tambaye ki ko ke kina sha, me za ki ce mata?"

"Suna tambaya, Nnyabo. Nakan ce ba na sha, in faɗi dalili. Daga nan sai su ma su faɗa mini abin da ba a ci a gidajen mazajensu. Da can ba sa faɗa. Sai dai su ce to, su karɓa, su je su zuba wa kaji. Yara huɗu a cikin katunan nan 'yan danginmu ne, su da garin ƙananan kifi na haɗa musu."

Dakta Atim ta yi rubutu mai tsawo, ba ta ɗago ba. "Za ki ji daga gare mu," ta ce.

Nandawula ta fito, har ta manta da fulas. Mzee ya miƙe tun kafin ta ƙaraso.

"Kin sha?"

"Sun ba ni, Taata. Ban sha ba."

"Sun ɗauke ki?"

"Ba na jin za su ɗauke ni."

Ta zaci zai ce madalla. Sai ta ga ya cire tabarau yana ta gogewa, alhali ba abin da ya same shi.  Tunda take ba ta taɓa ganin mahaifinta ya rasa ta cewa ba, kuma tausayinsa ya fi nata baƙin cikin yi mata nauyi. Can ya mayar da tabarau, ya laluba aljihu ya zaro jan biro.

"Wace ƙofa ce? Bari in ga wanda ya koya musu karatu."

Mukiibi na ƙoƙarin tare shi sai ga Farfesa Mubiru ya fito yana lilo da fulas a hannu.

"Ssebo, kai ne mahaifinta? Tun da na ga sunan nan a kan takardar fara na ce yau akwai kallo." Ya miƙa wa Mzee hannu. "Mubiru nake. Ka san mu, gaiwa ce kan gidanmu. Shekara talatin ina koya wa ɗalibai amfanin kifin tafki, har littafi na rubuta, ban san ɗanɗanonta ba. Ba wanda ya taɓa turo mini kofi dai, na tsira."

"To ita fa?" in ji Mzee, biron na nan a hannunsa.

"Sunaye sai Juma'a za a kafe, ba ni da izinin cewa komai." Ya girgiza fulas ɗin, ba ko ɗigo. "Amma Dakta Atim ta shanye sauran, har da kofin da aka ƙi. Ta ce a gaya wa mai kunun, ranar da aka buɗe makaranta ta zo da wanda ya fi wannan girma. Kuma har yanzu ta ce akwai ɗaci, a canza mai ɗanɗano."

"Sharri ne!" in ji Mukiibi. Ya kai hannu zai karɓi fulas.

"Bar shi, muko," in ji Mzee. "Kai lashewa za ka yi."

Ya mayar da biro aljihu, ya zaro farin hankicinsa na zuwa coci, ya naɗe fulas ɗin da kyau, ya karɓa da hannu biyu. Nandawula ta durƙusa a nan kan ciyawar jami'a, a gaban ɗalibai masu wucewa, hawaye na zubo mata. Ya ce ta tashi kada ta ɓata rigarta.

A mota ya koma kujerarsa ta gaba, fulas ɗin a kan cinyarsa. Tun daga Kampala har Masaka yana ba direba labarin yara ashirin da uku, da yadda 'yarsa ta rubuta shafi huɗu da kuskure goma sha huɗu kacal.