Jan Ido a Motar Gawa

Ranar da direban motar gawa ya rasu, motar ma sai ta ce ba da ita ba. Tsohuwar bas ce fara ta masallacin wata unguwa a Maamobi, shekara ashirin da shida Imurana yana tuƙa ta, ya kai rabin unguwa maƙabartar da ke unguwar Madina. Yau shi ne a kwance a zauren gidansu, an yi masa wanka, ana jiran azahar.

Zulkifli, direban trotro, wato bas ɗin haya, da aka roƙa ya ja ta, shi ya zo rumfar Malam Kadiri mai gyaran wutar mota yana haki.

"Maigida, wani jan fitila ya kama, mai hoton batir. Mun tura, ta tashi, amma yana nan yana kallona."

Kadiri ya ɗauki jakarsa ya bi shi. Tun safe da aka faɗa masa rasuwar yake jin kansa kamar wanda ke tafiya cikin ruwa. Masu waake, wato shinkafa da wake, yaran makaranta, awakin bakin kwata, duk suna wucewa a hankali ba ƙara. Shi da Imurana tabarma ɗaya suka yi karatun allo.

Da ya isa wurin motar ya ɗaga kujerar gaba, injin ya bayyana da zafinsa. Mutane suka yi caa, kowa ya zama gwani. Wannan ya ce batir ne, a sayo sabo. Wancan ya ce motar ce ke makoki. Kai, mutanen Zongo! Ko kaza ce ta yi tari sai an samu likita goma.

Kadiri ya danna fambel, bel ɗin injin, ya ji shi da ƙarfinsa. Ya girgiza kan batir, ba sako-sako. Ya ɗora mitar awon wuta, allura ta tsaya ƙasa da sha biyu, aka taka mai ta ƙi motsi. Altaneta mai yi wa batir caji ba ta ba da wuta, ke nan motar ragowar batir take ci, kuma ba za ta wuce Legon da ke kan hanyar maƙabarta ba za ta mutu da gawa a tsakiyar titi.

Sai ya ga gefen altanetar duk tabon duka, sabo da tsoho. A ƙarƙashin kujera ga wani guntun ƙarfe ya yi sulɓi don riƙo. Ashe kowace safiya ƙwanƙwasa ta Imurana yake yi har fitilar ta mutu, bai taɓa kawo ta ba.

"Ɗan banza," in ji Kadiri a hankali. "Rumfata taku nawa ce?"

Ya rantse ya ji dariyar Imurana daga mazaunin direba, irin wadda yake yi ta hanci. Ya ƙwanƙwasa shi ma, sau uku. Fitilar ba ta ko ƙifta ba.

Liman ya leƙo. "Malam Kadiri, ana sallame azahar za mu sallace shi. Ba za mu ajiye shi a wannan zafin ranar ba."

"To, Malam."

Ya kwance altanetar. Baƙaƙen sandunan kabon biyun da ke goga cikinta sun cinye ƙurmus, kuma zuwa kasuwar kayan mota a dawo sai la'asar. Ya fasa tsohon batirin tocila, ya zaro baƙin sandan tsakiya, ya zauna a ƙasa yana goga shi da magagari don ya maye gurbinsu. Baƙar ƙura tana sauka a cinyarsa. Jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa zai sauka, inuwarsa ta shafe kwanon gidaje, sai Kadiri ya tuno kansa a bakin teku shi da Imurana, suna samari, sun gudu daga makaranta, wandunansu a kai. Hannunsa dai bai daina guga ba.

Kabbarar farko ta sallar gawa ta same shi yana liƙa waya. Ta biyu yana mayar da murfi. Sahu na nan bayan katanga, taku goma, ga buta a ajiye. In ya tashi ya samu sallar, in ya samu sallar motar ba ta tashi. Ya ciji leɓe ya ja fambel. A ta huɗu yana ɗaure kusoshi, hawaye na ɗiga kan injin suna ƙafewa nan take. Baƙin ciki ya cika shi, an sallaci Imurana ba shi.

"Zulkifli, murɗa."

Aka tura, ta tashi. Jan idon ya yi jim, ya dushe, ya mutu. Allura ta hau sha huɗu.

Ga makara an fito da ita ana salati. Kadiri bai san sanda ya kutsa ba, ya kama gefe ɗaya, ya tallafi kafaɗar da ke zamewa har aka shigar. Da ya janye, sai ga yatsunsa biyar baƙi ƙirin a kan farin likkafani.

"Innalillahi! Ku yafe mini, a kawo ruwa…"

Abdulƙarim, wan mamacin, ya riƙe masa hannu. Ya daɗe yana kallon shatin, sannan ya ja tabarma ya rufe.

"Bar shi, Kadiri. Da shi zai tafi."