Ba Kauci Ba Ne

Sati biyu Harouna ya ce zai yi a gidan ɗan'uwansa Souley da ke unguwar Tremont, can ƙasar waje. Shekara ta zagayo, har kujerar falo ta lotsa daidai bayansa. Souley bai damu ba, amma matarsa Aïchatou ta gaji. Harouna ya sha jiyo ta a waya tana kiransa kauci, tsiron nan da ke maƙale wa bishiya yana tsotse ta. Ranar da ya ƙona mata tukunya ta gaya masa ido da ido: in ya ƙara wata ɓarnar, ya nemi wata kujerar.

Aikin Aïchatou kula da wata tsohuwa ce 'yar ƙasar Ekwado a unguwar Parkchester. Da aka kwantar da tsohuwar asibiti, sai ta ba Aïchatou amanar wani tsiro mai dogayen ganye masu tsaga-tsaga, ɗaure da waya a jikin ɓawon itace. Aïchatou ta rataye shi a falo, ta tafi wani gidan da ake aikin kwana.

Harouna kuwa manomi ne ɗan manomi daga Dakoro. Ya dubi tsiron, tausayi ya kama shi. Wace irin mugunta ce a rataye shuka kamar agogon bango? Ga kuma damar wanke kansa ta samu. Ya kwance shi, ya sayo ƙasa, ya binne saiwar, ya ɗora shi bakin taga saman na'urar ɗumama ɗaki, ruwa safe da yamma. Da ya ga ɗige-ɗige ruwan ƙasa jere a bayan ganyen, ya ce cuta ce, ya kankare su tas da cokali.

Tsiron bai gode ba. Ya yi yaushi, ya yi ɗorawa, ganye na zuba. Harouna ya yi maza ya sauke shi daga taga. Ya tone shi, ya mayar da shi kan ɓawonsa, ya ɓoye a banɗaki can saman shawa.

Aïchatou na dawowa ta gano shi.

"Harouna, mi ka yi mishi?"

"Taimako, Yaya."

"To ka jiya da kyau. In wanga abu ya mutu, tare za ku hita."

Tun daga ranar Harouna bai ƙara taɓa shi ba, sai dai addu'a daga bakin ƙofa. Gidan kuwa gidan yara ne, ga sanyi, kowa ya shiga wanka sai ya cika banɗakin da tururi. Ana nan, wata safiya Harouna ya ga wani ɗan kore a naɗe kamar dodon koɗi yana leƙowa daga ɓawon. Ya fito a guje da buroshi a baki yana kabbara.

Da aka sallamo tsohuwar, Aïchatou ta kira ta a bidiyo ta nuna mata. Tsohuwar ta yi ta dariya tana bayani, Aïchatou na fassarawa. A tsaunukansu, in ji ta, a kan reshe tsiron yake zama cikin inuwa, yana shan raɓa da danshin gajimare da ruɓaɓɓen ganyen da ya faɗo masa. Ba ya fure. Ɗige-ɗigen bayan ganye su ne irinsa. Harouna ya kalli silin.

Can ya ce a tambaye ta ko yana cutar da bishiyar.

"Ta ce ko kaɗan," in ji Aïchatou. "Bai shan komi nata. Wurin zama kawai."

"Kin jiya, Yaya?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ba kauci ba ne. Wurin zama kawai yake so."

Kunya ta rufe Aïchatou, don ba ta san yana jin wayoyinta ba. Ta gyara ɗankwali.

"Shi raɓa yake sha. Kai shinkahwata kake ci."

Washegari Harouna ya tarar da sabon bargo a ninke kan kujerar, babu wanda ya ce shi ya sayo.