Riga Mai Hannu Ɗaya

Dogo yana tsintar allurai a ƙarƙashin teburin yankan yadi a shagon ɗinkin Baba lokacin da mai guga na shagon kusa ya leƙo, ya ce mai gini yana son makullinsa kafin yamma. Dogo ya ce to. Kwana takwas ke nan da rasuwar Baba, duk abin da aka faɗa masa to yake cewa. Ƙannensa mata sun yi kuka har murya ta dushe, shi kuwa ko ɗigon hawaye. Yunwa ce kawai ke zuwar masa a kan lokacinta.

Baba ne ya laƙaba masa Dogo, don duk gidan babu gajere kamarsa. Shekara talatin da biyar tsohon ya yi a kan keken ɗinkin nan, ya ba ƙofa baya don kada hira ta ci masa aiki. Da keken ya kai yara biyar makaranta, shi kuwa rigunansa uku ne, duk sun koɗe.

Shekara biyu Dogo bai zo gida ba. Ba faɗa aka yi ba. Aikin ofis ne, sai wata mai zuwa, sai an yi hutu. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ko Baba ya tafi da fushinsa, kuma ya kasa buɗe baki ya tambayi Inna.

Sai ya tambayi mai guga a fakaice, ko tsohon yakan ambace shi. Mai guga ya sosa ƙeya, ya ce ai wajen Baba magana tsada gare ta. Can ya tuna akwai kaya a wajensa da ba a karɓa ba, ya je ya dawo da leda.

Riguna huɗu ne a goge, kowace ta ɗan fi 'yar uwarta faɗi. Ta biyar, wadda Baba ya kawo a kwantar masa da ɗinkinta da guga, ba a gama ba, hannu ɗaya aka ɗora mata.

"Duk naka ne," in ji mai guga. "In matarka ta turo hoton yara, sai ya kawo mini wayar in ƙara masa girmansa. Kai da ke tsaye a bayansu yake ƙare wa kallo. Ya ce tumbi kake yi, zaman kujera ya ɓata ka. Washegari sai ya yanka yadi."

"Me ya hana shi aiko mini?"

"Na tambaye shi. Ya ce tela ba ya sakin riga sai an gwada a gabansa."

Dogo ya cire tasa, ya zura ta biyar ɗin. Ta zauna masa cif, har wajen tumbin. Ya ɗan jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa, bai ji komai ba.

Ya matsa gaban kujerar Baba, ya tsaya sosai, ya ɗaga hannuwansa biyu. Sannan ya juya a hankali don a ga bayan.