Rantsuwa Biyu a Kan Kyamarar Basant

"Ajiye masa kayansa mu wuce," in ji Usta Shehata. Ya ja hannun 'yarsa kamar da gaske tafiyar zai yi.

Basant ba ta ajiye ba, sai ma ta ƙara ƙanƙame kyamarar a ƙirjinta. Tun hantsi suke zaga lungunan kasuwar Ataba ta birnin Alƙahira, ƙafafunta har zugi suke, sai a wannan ɗan shagon da bai fi cin mutum biyu ba ta samu ta hannu mai lafiya. Ta ɗaga gilashin gaba ta duba a hasken rana, babu tsaga, babu fumfuna. Ta gwada ɗaukar matar da ke sayar da shayi a bakin ƙofa, hoton ya fito tar, har tururin butar ana gani.

Gobe da safe 'yan ajinsu za su fara fita ɗaukar hoto a gari. Makarantar koyon hoton kyauta ce, masu jiran gurbi kuwa sun yi layi, shi ya sa malamarsu ta faɗa ba da wasa ba: duk wanda ya zo gobe babu kyamara, wani za a ba gurbinsa. Waya kuma ba ta cikin lissafi.

Kuɗin nata ne, guminta ne na tsayuwa a kantin magani. Amma tun a bakin ƙofar gida uban ya karɓe ya cusa a aljihun ciki, wai 'ya mace ita kaɗai a Ataba ɗanya za su cinye ta. Usta Shehata mai gyaran kujeru ne, shi ya sa ake masa laƙabi da Usta, wato ogan sana'a, mutumin kirki, Allah ya sani. Ciwonsa ɗaya: ya yi imani duk faɗin Alƙahira ba a haifi wanda ya kai shi iya ciniki ba. Kyamara kuwa bai san gabanta ba, bai san bayanta ba.

"Haba Usta, ina za ka?" in ji mai shagon, wani ƙato mai gashin baki da ake kira Gharib. "Wannan kyamarar wani likita ne ya saye ta, bai ɗauki komai da ita ba sai kyanwarsa."

"To kyanwar ta zo ta saya. Dubi gefenta duk ya goge. Wannan ai ta girmi yarinyar."

"Goge ba ya shiga hoto, ranka ya daɗe. Kai ma ka goge, ga ka nan kana aiki."

Usta ya yi dariya, Gharib ya yi dariya, aka aika a kawo shayi. Cinikin ya yi ta matsowa, wannan ya hau kaɗan, wancan ya sauko kaɗan, har abin da ya rage tsakaninsu bai kai kuɗin takalmi ba. Zuciyar Basant ta fara sanyi. Tana da ɗan kuɗin mota da ta ɓoye a jaka, zai cike giɓin har da saura. Ta taɓa gwiwar hannun uban a hankali.

"Baba, ya isa haka. Ni zan cika."

Da ta sani da ta yi shiru. Gharib ya ji, ya kuma gane kifi ya haɗiyi ƙugiya. Ya buga tafin hannu a kan kanta har kofunan shayi suka yi tsalle.

"Na rantse da igiyar aurena, in na rage ko fam ɗaya a kan wannan, matata ta saku!"

Jinin Usta ya hau. A gaban 'yarsa za a nuna masa rantsuwa? Ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito.

"Kai kaɗai ke da aure? To ni ma na rantse da nawa! In na ƙara ko fam ɗaya a shagon nan, ni ko wani daga gidana, uwar yarinyar nan ta saku!"

 Basant ta juyo ta dubi ubanta. Uwarta na can gida tana tsince shinkafa, ba ta san an ɗora aurenta a kan kanta kusa da kofin shayi ba.

Kafin ka ce me, maƙwabta sun cika ƙofa. A Ataba ba a gayyatar kowa rigima, da kansu suke zuwa. Alhaji Sobhi, dattijon da ke gyaran rediyo a shagon gefe, ya kutso yana ɗaga hannu.

"Ku yi salati ga Annabi, jama'a."

Aka yi salati. Aka ba shi labari, kowa na katse kowa.

"Abu mai sauƙi," in ji shi. "Ni zan cika daga aljihuna. Ni ba ɗan gidanka ba ne, Usta."

"Bara na zo yi? Ka gan ni da ƙoƙo?"

"To ai malamai da yawa sun ce irin wannan rantsuwar ta fushi, kaffara kawai ake yi."

"Wasu kuma sun ce ta saku. Ni ba na caca da uwar 'ya'yana a kan an ce an ce."

Wani ya ce a raba giɓin biyu, aka tuna masa ai rabin ma ƙari ne, kuma ragi ne. Wani ya ce su tafi su dawo gobe, wataƙila rantsuwar ta yau ce kaɗai. Mutum goma suna magana a kan kyamarar, babu ɗaya da ya tambayi mai ita. Basant na tsaye a tsakiya, rungume da kyamarar. Wani shago kuma babu, sun riga sun zaga duka.

Gharib ya daɗe yana shafa gashin baki, sannan ya miƙo hannu ya karɓi kyamarar daga ƙirjinta, a hankali, kamar mai karɓar jariri.

"Saboda yarinyar nan, don kamar 'yata take. Ni a kan kyamara da gilashinta na rantse." Ya danna wani ɗan maɓalli, ya murɗa, gilashin gaba ya fito a hannunsa. "Yanzu wannan wani kaya ne daban. Ka kawo abin da ka faɗa, Usta. Ba ka ƙara ba, ban rage ba."

"Allahu akbar!" in ji wani daga ƙofa. Jama'a suka ɗauka da sowa, wai an tsirar da gida biyu.

"Baba, a'a!" Basant ta riƙo hannun ubanta. "Ba ta gani in babu shi. Shi ne idonta."

"Kamar tabarau ne, 'yata. Wata mai zuwa sai mu nemo miki a wani wuri."

"Gobe ne, Baba. Gobe za a kore ni. Kuma gilashin nan shi kaɗai ya ninka abin da kuke faɗa a kai sau nawa!"

Usta ya sunkuyo kusa da kunnenta, idonsa ya yi ja. Ba mugunta a ciki, tsoro ne zalla.

"So kike uwarki ta kwana gidan kawunki saboda kwalba? Ko so kike in fita hannu wofi mutanen nan su yi mini dariya?"

 Alhaji Sobhi ya haɗa hannayen mazan biyu, aka karanta Fatiha, kuɗi ya bar aljihun ciki. Gharib ya toshe ramin da gilashin ya bari da baƙin murfi, ya saka kyamarar a leda, har da kyautar igiyar ratayawa. Gilashin kuwa ya goge shi da gefen riga ya ɗora a kan kanta ta sama.

Usta ya fita gaba, ƙirji a buɗe, ana buga masa kafaɗa. Basant ta biyo baya da leda. A bakin ƙofa mai shayin nan, Umm Hamada, tana ɗauraye kofuna a bokiti. Ta dubi fuskar yarinyar ta ja tsaki.

"Share hawayenki, 'yar nan. Allah ya isar miki."

"Ba komai, Inna. Tunda dai ba a saki matar kowa ba."

"Matar wa? Gharib?" Umm Hamada ta yarfe ruwan hannunta. "Wannan gwauron? Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa aure ba. Kullum sai ya saki matar nan kafin azahar, ya sake sakinta kafin la'asar."

Basant ta juya. Gharib ya riga ya sauko da gilashin yana nuna wa wani saurayi, hannunsa ɗaya a kan ƙirji. Ta dubi bayan ubanta da ke kutsawa cikin masu tura baro. In ta gaya masa, zai dawo ya shaƙe ƙaton nan, a taru, a kira 'yan sanda, wataƙila ma ya sake wata rantsuwar da ta fi wannan. An karanta Fatiha, kuɗi ya shiga akwati. Rantsuwar ubanta kuma tana nan daram, don shi yana da matar. Ta gyara riƙon ledar ta bi uban.

A tashar mota ta same shi yana ba wani direba labari, yadda ya tsaya a kan farashinsa har ƙato ya sauko. Da ya hango ta fuskarsa ta washe.

"Zo, zo, mai hoto! Fito da ita. Ni za ki fara ɗauka, a kai wa uwarki ta ga mijinta."

Ya gyara wuyan riga, ya murza gashin baki, ya tsaya ƙyam a jikin motar. Basant ta ciro kyamarar, ta cire baƙin murfin, ta ɗaga ta saitin fuskarsa ta danna. Ta yi ƙara ƙyas, lafiya lau. A ɗan allon baya babu komai sai fari fat.

"Na fito?"

"Ka fito, Baba."

"Mu gani."

"Sai mun je gida," in ji ta. Ta kashe kyamarar kafin hannunsa ya iso.