Wasan da Des Ya Ce Shi Ya Ƙera

Ga wata nan na kawo muku, ga ta nanku.

Ta iso, mun baza kunne.

To, ku matso kusa. A garinmu Wirrabool, a shekarun da kwamfuta ta fara leƙowa gidajen manoma, an yi wata bazawara mai suna Noelene Strachan. Mijinta Keith ya rasu ya bar mata gida da gona da garken tumaki, da wani jan kare mai kunne ɗaya a tsaye. Keith mutumin kirki ne, ba wanda zai ce ba haka ba, amma duk tsawon zamansu babbar kyautar da ya taɓa yi mata ita ce filayar ɗaure wayar shinge. Ta yi godiya, ta kuwa yi aiki da ita. Sai dai can cikin ranta akwai wani ɗan gurbi da ba a taɓa cikewa ba, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Wannan gurbin Des Pocock ya shinshino.

Des dai, Allah na tuba, ban san sana'ar da zan jingina masa ba. Ya sayar da famfunan ruwa da ba su ja ruwa ba. Ya yi kiwon jimina, jiminun suka gudu. Abin da ya rage masa shi ne man da yake shafa wa gashi da farin takalmi, a garin da duk inda ka taka kashin tumaki ne. Shi ne ya fara zuwa gidan Noelene kowace Lahadi yana cinye mata gasasshiyar cinyar rago, har wata rana ya goge baki ya ce yana son aurenta. Ta ce ya bari a gama askin tumaki, za ta ba shi amsa.

Ƙawarta Glenys, mai aiki a gidan waya, da ta ji sai ta dire kofin shayi.

"Ke Noel, kanki ɗaya kuwa? Mutumin da jimina ma ta ƙi zama da shi?"

"Yana ba ni dariya, Glen."

"Mu ma yana ba mu. Ba mu dai aure shi ba."

A ɗakin baya na gidan akwai kwamfutar da ɗanta Warwick ya kawo mata daga Melbourne. Noelene ta lulluɓe ta da ƙyallen da ta yi wa ado, ta ɗora tulun fure a kai, ta bar ta nan tana hutawa. Ran wata Lahadi sai ga Des da faifai mai ƙyalli a aljihun kwat. An manna farar takarda a fuskar faifan, an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe.

"Gimbiya, sauke furen nan. Na ƙera miki wani abu."

"Ka ƙera?"

"Da yatsun nan. Wasa ne na kwamfuta. Duk lokacin sanyin nan da kika ga ban cika fita ba, shi nake yi. Ke kaɗai na yi wa, duk duniya ba mai irinsa."

Ya zauna ya naɗe hannun riga kamar zai karɓi haihuwar saniya. Ya zura faifan, fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin, wani ɗan farin ɗigo yana ƙiftawa. Ya shiga danna madannai da yatsa guda, yana leƙen wata 'yar takarda a tafinsa. Kwamfutar ta ce ba ta gane ba. Ya sake, ta ce ƙwaƙwalwarta ba ta isa ba. Ya kashe ya kunna, ya dake ta a gefe, ya zagi Warwick da ya sayo tsohon kaya. Da sunaye suka fara gangarowa a fuskar, jere bayan jere kamar ba za su ƙare ba, sai ya yi wuf ya tare da kafaɗa.

"Gimbiya, ba a samun shayi a gidan nan ne?"

Kafin ta dawo da tire, abin ya tashi. Ba sauti, don ya kasa gyara wannan, ya ce da gangan ya yi shi shiru saboda ita mace ce mai son natsuwa. Amma ga 'yar mace nan a fuskar kwamfuta da malafa, ga fararen tumaki suna watsewa, ga jan kare yana zagaye su. Aikin shi ne ka kora garken ta ƙofofin shinge ba tare da dila ya ɗauke ko ɗaya ba.

"Har da karena," in ji Noelene a hankali.

"Har da shi mana. Ai na lura."

Ta juya baya tana gyara kofuna don kada ya ga idonta.

Kafin ya tafi ya kafa mata doka biyu. Kada ta ba kowa, nata ne ita kaɗai. Sannan in ta gaji, kada ta kuskura ta taɓa maɓallin fita da ke can kusurwar hagu, zai ƙona injin. Ta kashe daga bango kawai.

"Kuma kada ki wahalar da kanki," ya ce yana dariya, yana zura faifan a aljihu, don wasan ya riga ya zauna a cikin injin. "Ƙofar farko ma ta ishe ki nishaɗi. Abin na masu kai ne."

Sai aka shiga ruwa. Masu aski ba sa taɓa jiƙaƙƙiyar tunkiya, don haka aiki ya tsaya, aka zauna jiran rana. Noelene in ta ba kaji abinci ta wanke kwanuka, sai ta zauna gaban kwamfutar da tabarau a karan hanci. Yatsunta sun kumbura da sanyin ƙashi, dila ya yi ta kwashe mata tumaki, ta yi ta faɗa wa karen cikin injin maganganun da ba zan maimaita muku ba. Amma kyautarta ce, an ce don ita aka yi, ta ga rashin kunya ne ta bar ta a ƙofar farko. Ta wuce ta farko. Ta wuce ta biyu. Ta wuce gonar ƙaya da gadar katako. Wata rana da hantsi, ta kai garken bakin wani kogi da ya cika ya batse, tunkiya guda ta maƙale a tsallake tana kallonsu.

Sai hoton ya tsaya, rubutu ya fito.

Rubutun ya ce nan kashi na ɗaya ya ƙare. Ya ce mai wasan sunanta Philippa Oakshott, tana zaune a wani ƙauye a Tasmania, kuma ta yi shi ne don kowa, a kwafa a raba wa duk wanda ake so. Wanda ya ji daɗi har yana son ya san yadda tunkiyar ta ƙare, ya rubuto mata da 'yar ladar wahala, ta aiko masa sauran. Ga adireshi a ƙasa.

Noelene ta karanta. Ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa. Sannan ta kai yatsa kusurwar hagu ta danna maɓallin da aka hana ta. Injin bai ƙone ba. Wannan sunan dai ya sake fitowa, da adireshin, da godiya.

Glenys ta zo da rana ta leƙa, ta yi tsaki mai tsawo.

"Ai na san irin faifan. A kantin jarida na Horsham ake jibge su kusa da mujallun saƙa, wasanni ɗaruruwa a ciki, kowanne ɗanɗano ne kawai. Wato ya zauna ya tona har ya samo mai jan kare. Kai, wannan mutum! Bari in je mashaya yanzu in kwance masa zani."

"Zauna, Glen. Miƙo min ambulan."

Ba ta so ta yanke masa hukunci bai yi magana ba. Mutum yakan yi ƙarya don kunya, ta san wannan. Da Lahadi ta zo, ta zuba masa romo a kan dankali, ta ce, "Des, tunkiyar nan ta tsallaken kogi, ya aka yi da ita?"

"Wane kogi?"

"Na cikin wasanka."

Cokalin ya tsaya a hanya. Ɗan kaɗan ne, amma ta gani.

"Au, kogin! Wa ya ba ki labarin kogi? Warwick ne ya buga waya, ko? Kogin ai sirri ne, gimbiya, yana can gaba sosai, ba inda za ki kai ba ne. Miƙo gishirin nan."

Ta miƙa masa gishiri. Ta jira ko zai ƙara wani abu. Ya ƙara dankali.

Rana ta fito, aka yi aski, aka ɗaure buhunan gashi, motar kamfani ta kwashe. Ranar amsa Noelene ta gayyaci yayanta Merv da Glenys shan shayi. Des ya iso da kwat sabuwar guga da furen da kowa ya gane daga lambun coci aka tsinko shi. Da ya ga mutane sai ya ɗauka shaidu aka tara masa, kafaɗunsa suka ƙara faɗi.

"Merv bai ga wasanka ba," in ji Noelene. "Nuna masa."

Suka ɗunguma ɗakin baya. Des ya zauna ya kama bayani, yadda ya zana kowace tunkiya ɗaya bayan ɗaya, yadda wasu mutanen Sydney suka roƙe shi ya sayar ya ƙi. Yana magana dila yana ɗiba. Kafin ya kai ƙofar farko, garken ya koma tunkiya biyu da kare.

"Gwani," in ji Merv, "da ni ka yi wa kiwon nan, da yau ka kwana a hanya."

"Da gangan na yi shi da wuya, aboki. To, ya isa haka." Ya sunkuya zai kashe daga bango.

"Bar shi," in ji Noelene.

Ta miƙa hannu ta saman kafaɗarsa ta danna maɓallin fita. Sunan ya fito. Glenys ta sa tabarau ta karanta shi da ƙarfi, har da adireshin, a irin muryar da take kiran masu fansho a gidan waya.

Des ya yi 'yar dariya. "Philippa? Ai yarinyata ce. Ita ke buga min rubutu, sai ta saka sunanta. Ka san halin ma'aikata."

"Yarinyarka ta girme ka," in ji Noelene. Ta buɗe aljihun tebur ta fito da ƙaramin faifai mai kusurwa huɗu da hoton wata tsohuwa mai furfura tsaye da jan kare. "Jiya ya iso. Nata karen ne, ba nawa ba. Tunkiyar kuma ta haye, in kana son sani. Akwai gungumen itace a can ƙasan kogin."

Des ya juyo daga kan kujera.

"Haba gimbiya, don in faranta miki ne fa. Wace mace ce ba ta son…"

"Ka faranta min, ba zan ɓoye ba. Na yi kuka ranar. Da ka ce min ka tona faifan kantin jarida har ka samo mai jan kare don ni, wallahi da ya ishe ni, don ba a taɓa yi min ko wannan ba. Da ka faɗi gaskiya ranar dankali ma, da na haƙura. Amma kai ka zauna ka auna ni, ka ga ba zan wuce ƙofar farko ba, ka gina ƙaryarka a bayan ƙofar. Amsarka ke nan, Des. A'a."

Des ya dubi Merv ko zai samu ɗan'uwa namiji, Merv yana duban silin. Ya tashi ya gyara kwat, har ya kai ƙofa ya dawo ya ɗauki furen. Jan karen ya raka shi bakin mota, ba don ƙauna ba.

"Kek ɗin fa?" in ji Glenys. "Ko shi ma a Tasmania aka yi?"

"Zauna ki ci, uwar surutu."

Des bai ƙara kwana da yawa a Wirrabool ba, don duk mashayar da ya shiga sai wani ya tambaye shi labarin kogi. Ya koma wajen 'yar'uwarsa a Mildura, an ce yana sayar da katifun ruwa. Glenys ta kwafi kashi na ɗaya ta raba wa duk mai kwamfuta a gundumar, yadda mai shi ta ce a yi. Merv bai taɓa wuce gadar katako ba har ya rasu. Noelene ba ta sake aure ba. Ta gama kashi na biyu da na uku, Warwick ya gyara mata sautin da ya zo hutu, ita da Philippa kuma suka yi ta aika wa juna katin Kirsimeti da hotunan karnuka har tsufa ya hana su riƙe alƙalami.