Kwalba ta Huɗu

Ni na dafa abincin da ɗana ya ci ya mutu. Kowa a layinmu ya sani, shi ya sa ko ruwa ba mai karɓa daga hannuna. Surukata, matar marigayin, ta hana jikokina shiga ɗakina. Ma'aikatan lafiya sun zo da safar hannu, suka kwashe sauran miyar da man da na yi girkin da shi, wai za a kai ɗakin gwaji. Daga nan shiru. Da na gaji, na yafa mayafina na bi sawu.

Mai gadin wurin bai tambaye ni komai ba. "Kin makara, Inna, an fara," ya ce, ya nuna mini wata ƙofa.

Ciki sanyi har ƙashi. Mutane kwance jere a ƙasa, farin kumfa a bakinsu, ba mai motsi. Wasu na zagayawa tsakaninsu cikin fararen kaya daga kai har ƙafa, fuska a bayan gilashi, numfashinsu na fita da gurnani. Na tsallake wata budurwa, sai ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta mayar ta rufe.

Na ɗaga murya. Na ce ɗana ya mutu, kun kwashe miyata, ku faɗa mini abin da ya kashe shi. Na yi kuka, na zage su tas.

Wani cikin masu fararen kayan ya hau tafa mini. "Kai, Inna, kin fi kowa! Wa ya koya miki?"

"Uwarka," na ce.

Wata likita mai furfura ta ja ni gefe. Ta ce atisaye suke yi, shirin ranar da guba za ta shiga abincin gari. Na kwancen nan ɗalibai ne. Ita da kanta ta zuba guba a kwalabe uku, ta cuɗa su da masu lafiya, don ta ga ko ma'aikatanta za su gano.

"Ai mun gano duka huɗun, Likita," in ji mai tafin, yana dariya. "Tarkonki bai kama mu ba."

"Uku na sa," ta ce.

Gawarwakin suka fara tashi zaune ɗaya bayan ɗaya, suna kallona.

Aka buɗe firji. Kwalabe ne jere, kowacce da jan zare a wuya, alamar ta atisaye ce. Kayana sun iso ne ranar da ake haɗa na atisayen, wani ya ajiye su wuri ɗaya, aka ɗaura wa man nawa jan zare shi ma. Abin da ke da jan zare kuwa ba a kai labarinsa waje.

"Maganin ƙwari ne na gona a cikin man," likitar ta ce a hankali. "A ina kika saya?"

"Shagon bakin layinmu. Daga duro yake aunawa. Da zan taho ma na bar mata a tsaye da kwalabensu."

Ta ce za ta ba ni takarda. Na ce ta jiƙa ta sha. Da baki aka ɓata ni, da baki za a wanke ni, a tsakiyar layi, gaban surukata.

Muka cika mota. Mai tafin ya kai hannu zai cire gilashin fuskarsa, na buge hannun. "Bar shi. Haka nake so su gan ka."

Da muka isa, mai shagon ya karkata duron yana tatsar na ƙasa. Man ya kusa ƙarewa.